Gajeriyar Ƙofar Baitalami

Duk wanda ya nufi majami'ar da aka gina a kan wurin da Nasara suka yi imani an haifi Almasihu, a garin Baitalami wanda ke kimanin kilomita 10 kudu da Ƙudus, abin da zai fara tarar da shi ita ce wata ƙofa gajeriya wadda ba ta kai ƙirjin babban mutum ba, ta yadda sarki da talaka, malami da jahili, ba mai shiga sai ya sunkuya. Masu ziyara sukan ce wannan ladabi ne da ya dace da aƙidarsu, domin a wurinsu Allah Maɗaukaki da kansa ne ya ƙasƙantar da zatinsa, ya zama ɗan Adam, aka kwantar da shi a komin dabbobi, kyauta ga talikai ba don sun cancanta ba. Musulmi, kamar yadda aka sani, sun yarda da haihuwar Annabi Isa daga Maryamu ba tare da uba ba, amma tauhidinsu bai karɓi cewa shi Allah ne ba. A nan hanyoyin biyu suka rabu.

Tun wajen shekara ta 150 wani malamin Nasara mai suna Yustin ya ambaci cewa a cikin kogo aka yi haihuwar, kuma bayan kusan ƙarni guda wani malaminsu mai suna Orijin ya ce mutanen garin suna nuna wa baƙi kogon. Amma gini bai tashi a kansa ba sai zamanin Kustantin, sarkin Rum, wanda ya tara manyan limamai a Nikiya a 325 suka yi ittifaƙi cewa Almasihu zatinsa ɗaya da na Allah; mahaifiyar Kustantin, Helana, ta ziyarci ƙasar, aka keɓe majami'ar farko a 339. Kusa da kogon nan wani malami mai suna Jerom ya zauna daga 386 har rasuwarsa a 420, yana fassara littattafan Nasara masu tsarki zuwa Latin. Ginin da ke tsaye yau kuwa na sarki Yustiniyan ne, na ƙarni na 6.

Abin mamaki shi ne yadda wannan gini ya tsira alhali takwarorinsa sun rushe. An ruwaito cewa da rundunar Farisa ta mamaye ƙasar a 614, sai suka ga zanen masanan gabas waɗanda suka kawo wa jaririn zinariya da lubban da mur, sanye da tufafi irin na Farisawa, suka janye hannunsu; haka kuma an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi salla a wani gefe na ginin, ya kuma ba shi amana. Ko ma mene ne gaskiyar riwayar farko, akwai daɗi a ce zanen masu kyauta ne ya ceci ɗakin.

Sai dai tarihi ba ya barin kyakkyawan labari ya tafi shi kaɗai. A ƙasan kogon Katolika sun kafa tauraron azurfa mai tsini 14 a 1717 da rubutun Latin a jikinsa, kuma da ya ɓace a 1847 suka zargi limaman Otodoks na Girkawa, gardama ta tashi a kan wa zai riƙe mabuɗi, wa zai share wane mataki, wa zai kunna wace fitila, har Faransa ta tsaya wa Katolika, Rasha ta tsaya wa Otodoks, Sarkin Musulmi na Santambul ya rasa wanda zai faranta wa. Wannan husuma tana cikin abubuwan da suka share fagen yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856. A ganina babu abin da ya fi wannan bayyana halin ɗan Adam: an ce masa ga kyauta ta kowa da kowa, shi kuwa ya tsaya neman mabuɗin ɗakin.

Ita ma gajeriyar ƙofar, idan aka bi asalinta, ba don tawali'u aka rage ta ba. Wanda ya ɗaga kai zai ga alamar babbar ƙofar Yustiniyan a bango, a ƙarƙashinta ga bakan da mayaƙan Salibi suka yi, sannan ga wannan ƙarama ta zamanin Usmaniyawa, wadda aka rage girmanta domin hana mahaya da masu ganima shiga da dabbobinsu. Daga baya ne masu ibada suka ba ta ma'ana. Har yau ana bikin Kirsimeti sau uku a bayanta: Katolika a 25 ga Disamba, Otodoks a 7 ga Janairu, Armeniyawa kuma a 19 ga Janairu, kowace jama'a da nata lokacin sauka cikin kogon.