Tantance kwas a manyan makarantu: abin da iyaye za su duba kafin biyan kuɗin rajista

Tantancewa, wadda 'yan boko ke ce wa akiriditeshan, bincike ne da hukuma ke yi wa kwas a jami'a ko foliteknik ko kwalejin ilimi, don ta tabbatar akwai malamai da kayan aiki da manhajar da suka isa a ba ɗalibi kwali a wannan fannin. Abin da nake so 'yan uwanmu na Agege da Sabon Ibadan da Shagamu da Fatakwal su riƙe shi ne, kwas ɗaya-ɗaya ake tantancewa. Makaranta tana iya zama halastacciya, ta gwamnati ma, amma kwas ɗin da ɗanka ya shiga bai samu amincewa ba.

Hukumomi uku ne suka raba aikin. Jami'o'i suna hannun NUC, wadda aka kafa a 1962, doka kuma ta ba ta ikon gindaya mafi ƙarancin ƙa'idar karatu da tantance digiri a 1985. Foliteknik da kwalejojin sana'a masu ba da difloma ta ND da HND suna ƙarƙashin NBTE, mai hedikwata a Kaduna, tun 1977. Kwalejojin ilimi masu ba da NCE kuwa na NCCE ne, wadda aka kafa a 1989.

Bari in buga misali da jiharmu ta Yobe, tunda daga Hausari a Potiskum nake wannan rubutu, kuma da yawa daga cikinku gida kuke turo yara karatu saboda sauƙin kuɗi da kusanci da dangi. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke nan Potiskum, NCE ɗinta NCCE ke dubawa. Foliteknik ta Tarayya ta Damaturu da ta Mai Idris Alooma a Gaidam, NBTE ce. Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, NUC ce. Inda ake ruɗewa shi ne digirin da ake yi a cikin kwalejin ilimi. Ginin na kwaleji ne, amma duk abin da ake kira digiri a Najeriya sai da sa hannun NUC, ko kwalejin ta jingina da wata jami'a ne, ko kuma da kanta za ta bayar a ƙarƙashin dokar 2023 da ta ba kwalejojin ilimi na tarayya wannan dama. A foliteknik ma haka: amincewa da ND a wani fanni ba ta ɗauke wa HND na fannin nata binciken.

A jami'a matakin biyu ne. Kafin a buɗe sabon kwas, NUC na turo mutane su ga ko akwai abin farawa, sannan ta ba da izinin ɗaukar ɗalibai. Wannan izini ba shi ne tantancewa ba, ko da yake a tallar rediyo ana yawan haɗe su wuri guda. Sai karatu ya yi nisa ake turo tawagar farfesoshin fannin daga wasu jami'o'i. Su ƙirga malamai da matsayinsu, su shiga laburare da ɗakin gwaje-gwaje, su duba takardun jarrabawa da yadda aka yi makin, su auna manhaja da ta hukuma. Manhajar da ake aiki da ita yanzu an ƙaddamar da ita a Disamban 2022, kashi 70 cikin 100 daga NUC, kashi 30 kowace jami'a ta cike da nata.

Sakamakon iri uku ne. Kwas ɗin da ya ci kashi 70 zuwa sama, kuma bai gaza a manyan ɓangarori irin su malamai da kayan aiki ba, ya samu cikakkiyar amincewa ta shekara 5. Wanda ya ɗan gaza a ba shi ta wucin gadi, shekara 2, ya gyara a dawo. Wanda ya faɗi ƙasa da kashi 60 an hana shi, kuma dole a daina ɗaukar sababbin ɗalibai har sai an sake dubawa. Kun ga ashe amincewa tana da wa'adi. Takardar da aka manna a ofishin rajista shekara takwas da suka wuce ba ta ce komai game da bana ba.

Wasu fannonin kuma ƙofa biyu gare su. Likitanci sai da MDCN, injiniya sai da COREN, aikin jinya da ungozoma sai da majalisarsu, lauya sai da majalisar da ke kula da makarantar horar da lauyoyi. Waɗannan su ke ba da lasisin aiki, kuma wasunsu har adadin ɗaliban da za a ɗauka suke ƙayyadewa. Na fi jin tsoron ƙananan makarantun kiwon lafiya masu zaman kansu da ke tsirowa ko'ina, Kudu da Arewa, don 'ya'yanmu mata ne suka fi cika su, kuma sai bayan shekara biyu ko uku ake gane babu jarrabawar lasisi.

Ku na Legas akwai ƙarin tarko, don Seme kusa take. A ƙarshen Disamban 2023 jaridar Daily Nigerian ta wallafa binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida bai taɓa zama a aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Ranar 2 ga Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance kwalayen Benin da Togo. A Agustan shekarar ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce an gano sama da mutum 22,000 da kwalayen bogi daga ƙasashen biyu, kuma jami'o'i 5 a Benin da 3 a Togo kawai gwamnati ta sani. Abin tausayin, ba duka ne 'yan damfara ba. Akwai waɗanda suka zauna suka yi karatun da gaske, iyaye suka zuba sefa don gudun yajin aikin ASUU, amma makarantar ba ta cikin jerin.

Ba zan ce tsarin namu tsaf yake ba. An daɗe ana kukan cewa wasu makarantu na aron malamai da na'urori na kwana uku idan tawaga za ta zo, kamar yadda ake ɗura wa sa ruwa da kanwa ana gobe kasuwa. Mu da kasuwar shanu ke bakin ƙofarmu mun san wannan dabara. Saboda haka cikakkiyar amincewa ba ta nufin karatu ya yi kyau, iyakarta dai kwalin zai shiga. Rashinta kuwa asara ce tabbas: NYSC ba ta tura wanda kwas ɗinsa bai da amincewa, kuma yawancin ma'aikatun gwamnati ba sa ɗaukar mai digiri ko HND da bai da takardar bautar ƙasa ko ta yafewa.

Dubawar ba ta da wuya. NUC da NBTE da NCCE duk suna da jerin halastattun makarantu a shafukansu na intanet, NUC kuma kan fitar da sunayen jami'o'in bogi da ta rufe. A sa yaro ya nemo sunan makarantar da wayarsa, sannan a tambayi makarantar sunan kwas ɗin, da irin amincewar da ya samu, da shekarar da aka ba shi. A kuma tabbatar gurbin ya fito ta JAMB, ta tsarin CAPS da aka fara a 2017, yaron ya karɓa da hannunsa ya buga takardar. Gurbin da wani dillali ya kawo a ambulan, ko reshen jami'a da aka buɗe a saman bene a bakin kasuwa, ba za su sa sunan yaro a jerin ɗaliban JAMB ba, kuma wannan jerin NYSC ke dubawa idan lokacin tura shi ya yi.