Nazarin SWOT a Sana'ar Rainon Yara

Nazarin SWOT a sana'ar rainon yara hanya ce ta auna gidan raino ta fuska huɗu: ƙarfinsa, rauninsa, damar da ke gabansa, da barazanar da ke tunkararsa. Biyun farko na cikin gida ne, sauran biyun daga waje suke zuwa. Wannan salon nazari ya samo asali ne a Amurka cikin shekarun 1960, kuma galibi ana danganta shi da Albert Humphrey na Cibiyar Bincike ta Stanford.

Babban ƙarfin gidan raino shi ne amana. Uwa ba ta miƙa jaririnta ga wanda hankalinta bai kwanta da shi ba, shi ya sa masu raino da suka daɗe a wurin, da tsaftar ɗaki da ta ruwan sha, suka fi allon talla jawo iyaye. Rauni kuwa yakan ɓuya a yawan yaran da aka jibga wa mai raino ɗaya. Jarirai ba sa jure hakan, ga shi ƙaramin albashi na korar ƙwararru.

Damar tana tattare da ƙaruwar mata ma'aikata a birane irin su Abuja da Kano. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi hutun haihuwa na makonni 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, daga nan mai jego ta koma bakin aiki da goyo a baya. Barazanar ta haɗa da tsadar haya da man janareta, da ɓarkewar ƙyanda, da kuma kakanni da 'yan'uwa masu raino kyauta, waɗanda babu gidan rainon da zai iya gogayya da su a farashi.