Tarihin Littattafan Dabarun Binciken Jin Ta Bakin Jama'a

Binciken jin ta bakin jama'a hanya ce da masana kimiyyar zamantakewa ke bi su san halin da al'umma ke ciki ba tare da sun ƙidaya kowa ba. Ana zaɓar wasu mutane, a yi musu tambayoyi iri ɗaya, a tattara amsoshin a mayar da su alƙaluma. Littattafan da ke koyar da wannan aiki sun fara zama fanni mai zaman kansa a Ingila da Amurka a tsakiyar ƙarni na 20, kuma wasu daga cikinsu an rubuta su ne bayan wani kuskure da ya kunyata masu sana'ar.

Tun kafin a sami littafin koyarwa, akwai littattafan sakamako waɗanda na baya suka koyi aiki daga gare su. Charles Booth, attajirin jiragen ruwa, ya wallafa Life and Labour of the People in London daga 1889 zuwa 1903, har juzu'i 17, ya nuna cewa kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanen Landan matalauta ne. Seebohm Rowntree ya bi gidaje 11,560 na ma'aikata a birnin York, ya fitar da nasa littafin a 1901. Dukansu biyu ƙoƙarin kai wa ga kowa suka yi. A 1895 Anders Kiaer, shugaban ofishin ƙididdiga na Norway, ya gaya wa taron masana a Bern cewa samfuri ya isa ya wakilci jama'a, aka yi masa ca. Arthur Bowley ne ya gwada abin a aikace a garin Reading a 1912, inda ya ɗauki gida ɗaya daga kowane ashirin, sannan ya lissafta iyakar kuskuren da ke iya shiga sakamakonsa.

Mai sayen hatsi ya san matsalar da ta dame su. Idan ya ɗebi gero daga bakin buhu kawai, mai sayarwa na iya ɗora masa mai kyau a sama, shi ya sa ake huda buhu ta tsakiya da ta ƙasa. Jerzy Neyman ya warware wannan da lissafi a maƙalar da ya gabatar a Landan a 1934, inda ya nuna cewa zaɓe ta hanyar ƙuri'a ya fi zaɓen da mai bincike ke yi da idonsa, domin kuskuren ƙuri'a ana iya auna shi. Shekara biyu bayan haka duniya ta ga misali. Mujallar Literary Digest ta aika takardu kusan miliyan 10, ta sami amsa fiye da miliyan 2, ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt a zaɓen Amurka na 1936. Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. Sunayen da mujallar ta yi amfani da su yawanci na masu tarho da mota ne, kuma akasarin waɗanda aka aika wa ba su amsa ba. George Gallup, da samfuri ƙarami sosai, ya faɗi wanda zai ci. Shi ma nasa kuskuren ya zo a 1948, lokacin da shi da sauran manyan masu hasashe suka ba Thomas Dewey nasara, Harry Truman ya lashe. Su kaso suke ba ma'aikatansu, maza kaza, mata kaza, su bar su su zaɓi wanda suka ga dama a titi.

Shekarun da suka biyo baya su ne kakar littattafan ɗiban samfuri. Frank Yates ya fitar da nasa a 1949, W. Edwards Deming a 1950. A 1953 William Cochran ya wallafa Sampling Techniques, a shekarar kuma Hansen da Hurwitz da Madow, waɗanda suka gogu a ofishin ƙidayar Amurka, suka fitar da juzu'i biyu. Ba Turawa kaɗai ke wannan aiki ba, kodayake ana yawan mantawa. P. C. Mahalanobis ya auna gonakin rama a Bengal ta hanyar samfuri tun ƙarshen shekarun 1930, Indiya ta kafa babban shirinta na binciken samfuri na ƙasa a 1950, P. V. Sukhatme kuma ya rubuta littafinsa a 1954 da noma a zuciyarsa. Wanda ya fi daɗewa a hannun ma'aikata shi ne Survey Sampling na Leslie Kish, 1965, daga Jami'ar Michigan. Kish ya kuma bar jadawalin da ke gaya wa mai tambaya wane mutum zai zaɓa idan ya shiga gida, don kada kullum ya tsaya kan wanda ya buɗe ƙofa.

Zaɓen wanda za a tambaya rabin aiki ne. A 1941 Donald Rugg ya raba mutane gida biyu, ya tambayi wasu ko ya kamata Amurka ta hana jawaban sukar dimokuraɗiyya, ya tambayi wasu ko ya kamata ta ƙyale su. Ma'ana ɗaya ce, amma amsoshin sun bambanta da kusan kashi 20 cikin ɗari. Irin wannan ne ya haifi The Art of Asking Questions na Stanley Payne a 1951, ƙaramin littafi mai sauƙin harshe wanda har yau ya fi manya da yawa amfani ga mai koyo. Herbert Hyman ya nuna a 1954 cewa mai tambayar kansa, launin fatarsa da abin da yake tsammani, na karkatar da amsa. Howard Schuman da Stanley Presser sun maimaita gwaje-gwajen kalmomi da jerin tambayoyi a littafinsu na 1981, Seymour Sudman da Norman Bradburn kuma suka mayar da darussan jagorar aiki a 1982. Zuwa 2000, Tourangeau da Rips da Rasinski sun bi abin har cikin ƙwaƙwalwar mai amsa: sai ya fahimci tambaya, ya tuna, ya yanke shawara, sannan ya zaɓi abin da zai furta, kuma a kowane mataki ana iya yin tuntuɓe.

Littattafan aji, masu haɗa komai wuri ɗaya, su suka kai fannin jami'o'in duniya. Na Claus Moser, 1958, wanda Graham Kalton ya taimaka aka sabunta a 1971, ya yi tasiri a ƙasashen rainon Ingila. Earl Babbie a 1973 da Floyd Fowler a 1984 sun rubuta don ɗalibin da lissafi ke ba tsoro. Don Dillman ya bi sauyin na'ura, daga wasiƙa da tarho a 1978 zuwa intanet a 2000. Robert Groves, a littafinsa na 1989 da kuma Survey Methodology da ya rubuta da abokan aiki biyar a 2004, ya tara dukkan kurakurai a ma'auni ɗaya: wanda babu sunansa a jeri, wanda ya ƙi amsawa, tambayar da ba a gane ba, da kuɗin da gyaran kowanne zai ci.

Yawancin waɗannan littattafai sun ɗauka akwai jerin gidaje da adireshi, harshe ɗaya, da iyali ƙarami a bayan ƙofa ɗaya. A 1981 Casley da Lury suka rubuta littafi musamman kan tattara bayanai a ƙasashe masu tasowa, Bulmer da Warwick suka bi baya a 1983. Ƙasar Hausa na cikin wuraren da aka ga giɓin. A tsakiyar shekarun 1960 David Norman na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ya sa ma'aikata suna komawa wurin manoman ƙauyuka uku na Zariya a kai a kai tsawon shekara, domin ba wanda zai iya tuna aikin damina guda a zama ɗaya. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 kan cinikin hatsi da abinci da matan kulle ke yi daga cikin gida ta hannun yara, cinikin da namiji mai takardar tambayoyi, yana tsaye a zaure, ba zai gani ba. A 1986 ta rubuta littafi guda tana sukar alƙaluman da ake gina manufofin raya karkara a kansu. Akwai kuma kalmar gida kanta, wadda ke iya nufin tukunya ɗaya ko sassa biyar da gandu ɗaya, ga tsanin amsoshi biyar na Rensis Likert, na 1932, wanda matakansa ba sa zama daidai da juna idan an fassara su. Batun fassara ya sami gurbi a littafin da ya fito a 2003 ƙarƙashin jagorancin Janet Harkness.

Abin takaici a jami'o'in Najeriya shi ne, daga duk wannan tarihi, abin da ya fi shiga kundin ɗalibai shi ne ƙa'idar Taro Yamane ta 1967 da jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, masu faɗin yawan mutanen da za a tambaya. Dukansu sun ginu ne kan sharaɗin cewa da ƙuri'a aka zaɓi mutanen. Ɗalibin da ya lissafo 384 sannan ya raba takardunsa ga waɗanda ya tarar a bakin ƙofar sakatariya ya maimaita kuskuren mujallar 1936 ne, da ƙaramin adadi.