Tarihin Auna Hasken Eksire a Kan Ƙwayoyin Halitta

Bayan da Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus a 1895, likitoci sun daɗe suna dogara da fatar majiyyaci a matsayin ma'auni, inda suka ɗauki adadin hasken da ke sa fata ta yi ja a matsayin awo, alhali kuwa kowa da irin fatarsa. Sai a taron Stockholm na 1928 aka amince da ma'aunin rontgen, wanda ke ƙididdige cajin lantarkin da hasken ke haifarwa a cikin iska. To amma iska daban, tsoka daban, shi ya sa a 1953 aka fito da rad, mai auna ƙarfin da abu ya shanye, kafin girei, wanda ya yi daidai da rad 100, ya gaje shi a 1975.

Wannan bambanci tsakanin abin da aka auna da abin da aka shanye ya fito fili bayan 1956, shekarar da Theodore Puck da Philip Marcus na Jami'ar Colorado suka haska ƙwayoyin HeLa, wato ƙwayoyin cutar daji na ɗan Adam da ake reno a ɗakin gwaje-gwaje, suka ƙirga waɗanda suka rayu har suka hayayyafa. Aikin ya kafa tubali, sai dai ƙwayoyin suna manne ne a gindin farantin gilashi, shi kuwa gilashi idan hasken ya doke shi yakan watso ƙarin ƙwayoyin lantarki da ake kira elektiron, su faɗa kan shimfiɗar ƙwayoyin HeLa da kaurinta bai kai na silin gashi ba. Saboda haka ƙwayoyin sun sha fiye da abin da aka rubuta, aka kuma ɗauka sun fi rauni fiye da yadda suke.

Farantin roba ya rage matsalar, amma bai raba gardama ba, domin zurfin ruwan renon, da tazarar faranti daga bakin na'ura, da ƙarfen da ake tace hasken da shi, duk suna sauya lissafi. Na'ura mai aiki da siziyom 137 ma ƙarfinta kan ragu da rabi cikin kimanin shekara 30, don haka mai aiki da tsohon jadawalin ƙarfinta kuskure yake tarawa. A taron da aka yi a cibiyar ma'aunai ta Amurka, NIST, a 2011, masana sun koka cewa rahotannin bincike da dama ba sa ma bayyana yadda aka yi awon, balle wani ya iya maimaita gwajin.