Tashe: Asalinsa da Matsayinsa a Daren Azumi

Daga cikin al'adun da sabo ya sa Bahaushe ya daina ganin mamakinsu akwai tashe, wato wasannin ban dariya da yara da samari suke yi gida-gida da daddare bayan an sha ruwa, tun daga lokacin da watan azumi ya kwana goma. Abin da ya cancanci nazari shi ne yadda watan da ya fi kowane wata kamun kai da ibada ya zama shi ne kuma watan da ake sakar wa yaro mara ya kwaikwayi malami da tsoho da boka a ƙofar gidajensu, su kuwa su yi dariya har su ba shi tukuici.

Manazarta al'ada suna danganta kalmar da "tashi", domin tushen abin shi ne tayar da mutane su yi sahur kafin alfijir ya keto. Wannan ya nuna cewa tashe ya samu ne bayan zuwan Musulunci, wanda littafin Tarihin Kano ya alaƙanta da isowar Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385. Lokacin fara shi ma ba a banza aka zaɓe shi ba, tun da Hausawa sun kasa watan gida uku, goman marmari da goman wuya da goman ɗokin salla, kuma daidai shigowar goman wuya, sa'ad da jiki ya fara nauyi, ake fitowa da abin da zai ɗebe wa mai azumi kewa.

Gwauro, wato namijin da ya taɓa aure amma yake zaune ba mata, shi ne ya fi kowa shan tsiyar tashe, kuma dalilin a fili yake: wanda ba shi da mai dafa masa sahur, balle mai tashinsa, shi ya fi bukatar a buga masa gwangwani a ƙofar ɗaki. A Kano al'amarin ya bunƙasa har ya zama sarauta, inda Nalako, sarkin gwagware, yake zagaya unguwanni da jama'arsa yana kamo marasa mata, a ɗaura musu igiya, a bi gari da su ana kiɗa har fadar sarki. A ƙarƙashin wannan raha akwai hukunci mai nauyi na al'umma, wadda take ganin zaman baligi ba iyali a matsayin giɓin da ya wajaba a cike.

Hikimar tashen yara tana cikin kayan wasansu, waɗanda ba a sayen ko ɗaya. Yaro zai manna auduga a haɓa ta zama gemu, ya cusa tsummokara a ƙarƙashin riga su zama tumbi, ya shafa gawayi a fuska, ya ranƙwafa a kan sandar kara yana tari irin na tsofaffi, abokansa suna amshi. 'Yan mata kuwa sukan kifa ƙwarya a kan ruwa su kaɗa ta, su kwaikwayi zaman miji da mata, ɗaya ta sa babbar riga da hula ta zama maigida, ta haka suke bayyana abin da suka gani na hidimar aure da kishi tun kafin su shiga ciki. Ladansu a da hatsi ne, daga baya kuɗi ya maye gurbinsa.

A birane tashe ya ja baya, saboda talabijin da wayar hannu sun kama daren yara, sannan ɓata-gari sun riƙa fakewa da shi suna ƙwace, abin da ya sa a shekarun baya-bayan nan rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta dakatar da shi a lokacin azumi. A ƙauyuka da ƙananan garuruwa har yanzu ana jin gwangwanin yara a zaure da zarar an idar da sallar asham.