Allo, Tulu da Rediyo: Karatun Manya a Majami'un Jos

Duk kwamitin da ya zauna tsara karatun manya a wata majami'a ta Dutse Uku ko Nasarawa Gwom yakan ci karo da matsala ɗaya. A benci guda akwai ɗan fansho mai digiri, da makanike, da mai sayar da tumatir wadda ba ta taɓa shiga aji ba. Littattafan koyarwa na zamani sukan ce a rarraba su: wannan da ido yake koyo, wancan da kunne, ɗayan sai ya taɓa da hannu. A ganina tarihin garin nan ya riga ya ba da amsar da ta fi wannan, wato a bar jama'a tare, a bi da darasi ɗaya ta hanyoyi da yawa.

Kuza ce ta tara mutane a Jos tun farkon ƙarni na 20, kuma Hausa ce ta zama harshen kasuwa da na sansanin ma'adinai tsakanin Afizere, Anaguta, Birom da baƙi. Mishan ɗin SUM, wadda ta fara zama a Wase a 1904, da SIM, wadda ta mai da Jos cibiyarta, sun tarar da manya ne, manoma da leburori, ba yara 'yan makaranta ba. Da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, sai ajin baftisma ya zama ajin koyon karatu. Mai bishara yakan jingina allo, ya rubuta baƙi da wasali da alli, dattijo mai furfura yana bi da yatsa yana maimaitawa, sannan a haddace aya, a rufe da waƙar da ke ɗauke da ma'anarta. A Gindiri, inda SUM ta buɗe makarantar horarwa a 1934, ɗalibai magidanta ne da suka zo da matansu, suna karatu suna kuma noma. Ba wanda ya tambaye su irin salon koyonsu. Ido da kunne da hannu duk sun sami rabonsu a yini ɗaya, kuma tun kafin gwamnatin Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, majami'u sun daɗe da nasu.

Amma makarantar manya mafi ƙarfi a ƙasar nan ita ce Zumuntar Mata, ko da yake ba kasafai ake kiranta makaranta ba. A dubi yadda suke yi. Mata sanye da zane iri ɗaya, ɗaya tana buga bakin tulu, wata tana kaɗa caki, mai ba da waƙa ta jefa baiti, sauran su amsa. Baitin nan sau da yawa labarin Rut ne ko na ɗan nan da ya ɓace, ko gargaɗi kan zaman aure da riƙon amana. Wadda ba ta iya karatu ba takan koma gida da labarin a bakinta, wadda ta iya kuma takan buɗe littafi ta nemi wurin. Bayan haka su tafi gaisuwar mara lafiya ko gidan makoki, inda abin da aka rera yake zama aiki. Rediyo ya zo ya ƙara wata hanya: tashar ELWA ta SIM ta fara aiki a Laberiya a 1954, Muryar Bishara kuma daga Adis Ababa a 1963, ana shirya shirye-shiryenta na Hausa a Jos. A cikin shekarun 1960 ɗin ne shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa ya tashi daga nan, ya mai da gidajen talakawa wuraren addu'a da nazari.

Za a ce wannan hadda ce kawai, mutum ya rera abin da bai fahimta ba. Akwai gaskiya a ciki, domin inda malami ya hana tambaya, hadda takan zama kango. Sai dai maganin shi ne a buɗe fagen tambaya bayan waƙar, ba a kore waƙar ba. Za a kuma ce Hausa ta danne harsunan Izere da Birom a cikin sujada, kuma wannan ƙorafi ne mai nauyi da ya kamata a saurara; tsohuwar da ke tunani da Izere ta cancanci a yi mata bayani da shi, kamar yadda jikanta da ya fi sakewa da Turanci ya cancanta. Wannan ma hujja ce ta ƙara hanyoyi, ba ta raba aji ba.

Su kuwa masu cewa kimiyya ce ta zo da rabe-raben salon koyo, binciken bai tsaya musu ba. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa suka duba nazarce-nazarcen da aka yi, ba su sami gamsasshiyar shaida cewa koyar da mutum ta salon da ya fi so kaɗai yana ƙara masa fahimta ba. Abin da ake koyarwa shi ke zaɓar hanyarsa: tafiye-tafiyen Bulus na son taswira, Zabura na son murya, yafe wa maƙwabci kuwa, a unguwar da ta ga rikicin Janairun 2010, na son a zauna a tattauna, sannan a tashi a je a gaishe shi.