Keke, Rijiya da Ibnus-Sabili a Ƙasar Dakwaro

Turawa suna da wata al'ada ta hawan keke domin sadaka, inda jama'a kan taru su yi doguwar tafiya, kamar wadda ake yi daga Landan zuwa Brighton a Ingila tun 1976, 'yan'uwa da abokai su yi alkawarin kuɗi, a tara a ba marasa lafiya. Masu yinta kuwa sukan dawo suna cewa wahalar hanya ta koya musu tawali'u. Ƙasar Dakwaro, arewa da Maraɗi, ta daɗe tana ba matafiya wannan darasi, tun ba a san baƙin ƙarfe zai yi gudu da ƙafa biyu ba.

Garin kansa ba tsoho ba ne idan aka gwada shi da Birnin Lalle da ke kusa, inda Gobirawa suka yi sarauta kafin su gangara kudu, domin sai a 1947 Faransawa suka kafa bariki a Dakwaro. Amma hanyoyin da suka ratsa kwarin Tarka sun girmi barikin nesa ba kusa ba, kuma duk wanda ya bi su, Buzu ne da raƙumansa ko Bafillace da shanunsa ko falke da jakunansa, lissafin tafiyarsa ba ya wuce daga wannan rijiya zuwa waccan, rijiyoyin kuwa masu zurfin da sai an ɗaura igiya ga sa ko raƙumi ya ja wasaki kafin ruwa ya iso kwami.

Da keke ya shigo, galibi Raleigh daga kasuwannin Najeriya, sai ya zama abin alfahari ga malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da ɗan kasuwa, har akan yi masa ado da tuntaye kamar dokin sarki. To, alfaharin nan iyakarsa bakin gari. Da zarar an shiga jigawa, rairayi ya riƙe taya, tsidau ya huda ta, sai mahayi ya sauka ya tura abin da ya saya don ya ɗauke shi, rana na dukansa, gorarsa ta ƙare, har ya iso rugar da, da jiya ne, da ya wuce ta ba sallama, ya tsaya yana jiran wata tsohuwa ta miƙo masa ƙwaryar nono, ba ta tambayi sunansa ko muƙaminsa ba.

Malamai ba su ɗauki wannan kyauta a matsayin alfarma kawai ba. A fiƙihun Malikiyya, rarar ruwan rijiyar dabbobi da aka haƙa a daji ba a hana shi ga mai ƙishirwa. Kuma cikin mutane takwas da suka cancanci zakka akwai ibnus-sabili, wato matafiyin da guzurinsa ya yanke, ko da mawadaci ne a garinsu. A ganina hikimar wannan hukunci ta fi ƙarfin tausayi, domin ya nuna cewa wadata aba ce mai iyaka da wuri, attajirin Maraɗi yana iya wayar gari miskini a bakin wata rijiya a daji ba tare da ya yi asarar ko sisi ba.

Sa'an nan shekarun fari suka zo, na 1973 da na 1984, dukiyar makiyaya ta ƙare, masu bayarwa suka koma masu karɓa, motocin ƙungiyoyin agaji suka maye gurbin kekuna a kan hanya. A yunwar 2005 ma likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun buɗe wurin jinyar yara masu tamowa a Dakwaro. Amma da aka zo batun mayar wa mutane garkensu, wasu ƙungiyoyin sai suka tarar Fulani sun riga su da dabara, wato habbanaye: mutum ya ba ɗan'uwansa aron saniya, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar, ba a ci mutuncin kowa ba. Wannan tsari suka ara, galibi da awaki maimakon shanu, suna ba mata, wadda tata ta haihu ta miƙa uwar ga maƙwabciyarta.